Ƙarfen da Birgi Ya Kamo

Riskuwa mutumin Zauro ne, manomin shinkafa mai shekara hamsin da biyu. Idan ruwan Rima ya fara ja da baya bayan damina, yakan koma su, sana'ar kakanninsa. Akwai wani gurbi mai zurfi a bayan gonarsa, daidai inda gulbi ke yin kwana, wanda kowa a garin ya san na gidansu ne tun zamanin kakansa. Ba mai jefa birgi, wato ragar kamun kifi, a wurin sai da izininsu.

Ran wata Talata da hantsi ya jefa birginsa a gurbin, da ya zo ja sai ya ji ya kafe. Ya ɗauka saiwar itace ce. Ya girgiza igiya, ya juya kwalekwale, abu ya ƙi. Birgin sabo ne, ba ya son ya yage, sai ya tuɓe riga ya nutse. Can ƙasa hannunsa ya taɓa wani abu dogo a soke cikin laka, ya kama ya jijjiga har ya zare shi. Da ya hau kwalekwale ya fara wanke lakar, sai ga zoben ƙarfe a ƙasan abin, ga kunama a cikinsa, ga dogon baki da tsatsa ta cinye. Bindiga ce.

"Riskuwa! Giwan ruwa ne ko kada?"

Abbas ne, maƙwabcinsa, yana tuƙo nasa kwalekwalen daga nesa kaɗan. Riskuwa ya yi wuf ya jawo birgi ya rufe abin.

"Icce ne," in ji shi.

"Icce kaka rufewa da birgi?" Abbas ya yi dariya ya wuce, amma sau biyu yana waiwayowa.

Abbas ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya riƙe magana, kuma ƙanensa yana cikin 'yan sa-kai. A wannan shekarar kuwa maganar bindiga ba abar wasa ba ce. Wata uku da suka wuce 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye a arewacinsu, tun daga nan ake bincike gida-gida, ana neman masu ɓoye musu makamai. An tafi da Mansur maƙeri daga Ambursa saboda an ga guntayen bututun ƙarfe a maƙerarsa, har ranar iyalinsa ba su san ɗakin da yake ba.

Riskuwa ya zauna a tsakiyar ruwa da abin a ƙafafunsa. In ya mayar da ita, Abbas ya riga ya gani, kuma nan da wata biyu gurbin zai janye har a ga ƙasa, a gurbin da kowa ya san na wane ne. In ya kai wa hukuma, tambayar farko ita ce ina sauran. Ya daɗe a haka har rana ta fara cizon bayansa. Daga baya ya naɗe ta cikin birgin, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta bayan gari ya cusa ta a ƙasan rumbu, ya jera dammunan shinkafa a kai.

Matarsa Hauwa'u ta gane da wata a ƙasa tun da ya dawo ba kifi, ba kuma birgi a kan igiyar shanya. Da ya gaya mata, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Malam, a rumbuna? Inda nika shiga kullum?"

"To ina zan kai ta?"

"Kai wa maigari."

"Maigari ya kai ni ina? Kin manta Mansur?"

Can ta ce, "A bizne ta a gona."

"Ranar da anka tono ta, sai a ce ni na ɓoye da hannuna. Kuma gaskiya ne."

Kwana tara abin yana rumbu. Riskuwa ya daina zuwa gulbi, don kada a shigo gidan ba ya nan. Ya daina zama a majalisa bayan la'asar, don Abbas na wurin. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ya miƙe ya leƙa. Ko a sallah, yana sahu hankalinsa na kan rumbu. Hauwa'u ta hana 'yarsu Sharifa kusantar wurin, ta ce maciji ta gani. Gidan da ya gina da hannunsa ya zame masa kamar ɗakin da aka kulle daga waje.

A rana ta goma ya kira Baba Isuwa. Isuwa bakaniken injin ban-ruwa ne a Gwadangaji, dattijo Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a soja yana kula da ɗakin makamai kafin ya yi ritaya. Shi ke gyara wa rabin manoman Zauro injinansu. Riskuwa ya ce masa injinsa ne ya ƙi tashi. Da dattijon ya iso da jakar kayan aikinsa, ya ja igiyar injin sau ɗaya, inji ya kama. Ya dubi Riskuwa ta saman tabarau.

"Malam Riskuwa, me ya lalace a gidan nan? Don ba wannan ba ne."

Suka shiga da abin ɗakin Riskuwa, suka saki labule. Isuwa bai taɓa ba sai da ya juya bakin ya kalli bango.

"Kada ka ƙara tsayawa a gabanta," ya ce. "Ba mu san abin da ke cikinta ba. Harsashi yana iya shekara sittin a ruwa bai mutu ba."

Ya sa aka kawo kananzir a kwano da tsumma, ya fito da burushin waya. Ya yi ta gogewa a hankali, yana hura tsatsa, yana kai fuskarsa kusa. Katakon ya yi baƙi ƙirin, amma laka ta riƙe shi bai ruɓe duka ba. Ya shafa akwatin harsashi da ke ƙasa, ya auna tsawon bakin da tafin hannu, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Tsohuwar banza! Mak Fo ce. Da irinta aka koya mini fareti. Harsashi goma take ci." Ya nuna wani wuri a gefen hagu da farce. "Ka ga nan? Ɗaya, tara, huɗu, uku. Alif ɗari tara da arba'in da uku aka ƙera ta, lokacin yaƙin Bama. Ta girme ni. Da irinsu aka shiga yaƙin basasa tun farko, kafin a kawo sababbi. Wannan ba ta 'yan daji ba ce. Ba ta ƙara tashi har abada, ƙarfen duk ya haɗe."

Riskuwa ya ji numfashinsa ya sauka a karon farko cikin kwana goma. "To shi ke nan, Baba Soja, sai ka gaya masu."

"In gaya wa wa? Ni bakanike ne yanzu. A wurinsu bindiga bindiga ce."

Yana magana yana goge gindinta, inda aka lulluɓe da tagulla. Tagulla ba ta tsatsa, nan da nan ta yi haske. Isuwa ya tsaya.

"Akwai zane a nan, da bakin wuƙa aka yi. Irin rubutunku ne na allo, ni ban iya ba."

Riskuwa ya karɓa ya karkata ta wajen hasken taga. Baƙaƙe uku ne, a karkace: dal, kaf, wawu. Ya haɗa su a bakinsa, ya sake haɗawa.

"Dikko," ya ce.

"Ka san shi?"

"Ƙanen babana ne. Ban tarad da shi ba. An ce ya mutu a yaƙi, can kudu, ba a ko kawo gawa ba."

Isuwa ya dube shi ya dubi bindigar. Shawarar da ya bayar ita ce a mayar da ita rumbu, kada a motsa ta daga gidan. Akwai gidan adana kayan tarihi a Argungu, kuma ya san wata ma'aikaciya a wurin, Malama Khadijatu, ya taɓa gyara musu janareto. In ta rubuta cewa kayan tarihi ne, to akwai abin nunawa. Ya hana a ɗauki hoto, don a shingayen hanya ana duba waya. Sai ya yago takarda daga littafinsa, ya ɗora a kan lambobin ya goga fensir har suka fito, ya yi haka ma a kan tagullar.

Washegari Riskuwa ya shiga motar Argungu da takardar a ninke cikin hularsa. Shinge uku suka wuce. A na biyu aka sauke kowa, aka zazzage buhuna, wani mai kaki ya dube shi ya ce, "Baba, lafiya kake gumi haka?" Ya ce zazzaɓi ne.

Malama Khadijatu mace ce mai natsuwa, ta saurare shi har ya gama, ta daɗe tana duba takardar. Ta ce ta yarda da karatun Isuwa, kuma suna son abin. Amma ba ta da ikon ɗauko makami daga gidan mutum sai da takardar jami'an tsaro, kuma ba za ta iya rubuta shaida a kan abin da idonta bai gani ba.

"Wato in na kawo ta a kama ni a hanya, in ban kawo ba ba takarda," in ji Riskuwa.

"Haka ne, Baba. Ka ba ni kwana biyu in yi magana da shugabana, mu nemi izini mu zo da kanmu."

Daga nan ya wuce gidan Goggo Aishatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda aure ya kawo Argungu tun kafin a haife shi. Ya same ta a inuwar zaure tana tsince shinkafa a faifai. Bayan gaisuwa ya miƙa mata takardar, ya nuna mata baƙaƙen nan uku, ya gaya mata inda ya same su. Tsohuwar ta ajiye faifan.

"Ashe gulbi bai cinye ta ba," ta ce.

Sannan ta ba shi labarin da ba wanda ya taɓa ba shi. Dikko bai mutu a kudu ba. Shekara ɗaya da rabi da tafiyarsa yaƙi ya dawo da ƙafarsa, lokacin yankan shinkafa, a rame, da bindiga naɗe cikin tabarma. Gudowa ya yi. Bai taɓa faɗin abin da ya gani ko abin da aka sa shi ya yi ba. In an fara daka a turmi, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Mahaifinsu ya san hukuncin wanda ya gudu daga soja, sai ya ɗauki bindigar ya soke ta a gurbin gida, ya yi wa Dikko bukka a cikin ciyawar fadama inda ba a bi sai da kwalekwale.

"Ni ka kai mashi tuwo," in ji Goggo. "Ina 'yar shekara sha biyar. Wata bakwai shina nan ciki. Shina jin kiran sallar Juma'a, ba shi iya zuwa. Sau biyu sojoji sunka zo tambaya, Baba ya ce ba mu gan shi ba. Da ruwa ya sauka sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama shi, ba halin a kai shi asibiti. Ranar da nit tarad da shi, tuwon jiya na nan bai taɓa ba. Mu huɗu munka yi mashi sutura. Sai anka ce ya mutu a yaƙi, don shi ya fi sauƙin faɗi."

Riskuwa bai gama haɗiye wannan ba wayarsa ta yi ƙara. Hauwa'u ce. 'Yan sa-kai sun zo da jami'ai mota guda, sun nufi rumbu kai tsaye, sun fito da bindigar. Sun ce in bai kawo kansa kafin la'asar ba, da ita za su tafi.

Goggo ta riƙe masa riga. "Zauna nan. Ba wanda ya san kana gidan ga."

Ya dubi ɗakinta, ƙarami, mai taga ɗaya. Ya zare hannunta a hankali, ya ce ta yi masa addu'a, ya fita neman mota.

A wani ofishi a Birnin Kebbi aka tsare shi. Ɗaki ne da aka yi don mutum shida, su goma sha tara ne a ciki. Ba a kwanciya sai a karɓa-karɓa. Akwai wata 'yar kafa a sama, ta nan yake gane azahar daga la'asar. Sau uku ana fito da shi, tambayoyin ba sa canzawa: wa ya ba ka ajiya, ina sauran, in tsintuwa ce me ya sa ka ɓoye kwana goma. Ya ce tsoro. Mai tambayar ya ce mai gaskiya ba ya tsoro. Maganar Dikko kuwa Riskuwa bai yi ta ba, shi kansa bai san wanda yake karewa ba, mutumin da ya fi shekara hamsin a ƙasa.

A rana ta huɗu aka kai shi ofishin babban jami'in. Bindigar na kan tebur. Baba Isuwa na tsaye da tsohon littafinsa na sallama daga soja, Malama Khadijatu na zaune da fayil a cinya. Kwana uku ke nan suna zuwa ana cewa su dawo gobe. Wani ƙaramin ma'aikaci ya ɗauko guduma zai buga ƙarfen don a ga ko tana buɗewa.

"Ajiye wannan!" Isuwa ya daka tsawa da muryar da Riskuwa bai san yana da ita ba. Kowa ya tsaya cak. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. In akwai harsashi a ciki, bakin nan kai yake kallo."

Babban ya matsar da kujerarsa. Daga nan ya bar dattijon ya yi bayani. Isuwa ya nuna shekarar, ya nuna yadda tsatsa ta haɗe ƙarfen ya zama guda, ya ce a kira duk mai kula da makamai da suke da shi ya ƙaryata shi. Aka kira wani, ya duba, ya ce shi bai taɓa riƙe irinta ba sai a hoto. Malama Khadijatu ta rubuta shaidarta a nan take, yanzu da idonta ya gani. Babban ya juya gindin, ya ga zanen.

"Wannan fa?"

Isuwa ya dubi ƙasa. Riskuwa ya ji kansa yana magana. Ya faɗi sunan, ya faɗi bukkar, ya faɗi wata bakwai, kamar yadda Goggo ta faɗa masa. Da ya gama, babban ya juya biro a hannu.

"Na yarda da kai, Baba," ya ce. "Amma rahoto ya riga ya tafi sama da sunanka, ba ni da ikon janye shi. Zan sake ka a hannun wannan dattijon. Duk Litinin ka zo ka sa hannu, kada ka bar jiha, har a rufe magana. Bindiga kuma tana nan tukuna."

"Har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Ban sani ba."

Haka aka yi. Duk Litinin Riskuwa yakan hau kabu-kabu zuwa birni, ya zauna a benci wani lokaci har azahar, ya dangwala yatsa ya dawo. Dashen shinkafar rani ya same shi a haka, ya wuce. A gari wasu sun daina tsayawa gaisuwa mai tsawo da shi. Abbas ya zo har gida ya rantse shi hira kawai ya yi, bai san za ta kai haka ba. Riskuwa ya ce ya wuce, amma ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba. Malama Khadijatu tana kira lokaci-lokaci ta ce sun sake aika takardar neman a ba su bindigar.

A wata na biyar Goggo Aishatu ta ce a kawo ta Zauro, tana son ta nuna masa kabarin tun tana da sauran ƙafa. Ran Lahadi suka tafi, shi da ita da Hauwa'u, Baba Isuwa ma ya ce zai zo bayan an tashi daga coci, ya kuwa zo. Suka bi kunyoyi a hankali, Goggo na dogara sanda. Ta ce akwai wata giyayya mai rassa biyu, kabarin na gabas da ita taki ashirin. Ba giyayya. Gulbi ya sauya hanya sau da yawa tun lokacin, inda take tuna ciyawa ce mai tsawon mutum yanzu fangalin albasa ne na wani mutumin Ambursa, injin ban-ruwa na ta ruri a gefe. Ta tsaya nan ta ce nan ne, ta matsa gaba ta ce a'a, can ne. Daga baya ta zauna a kan kunya ta ce ita ba ta sani ba.

Mai albasar ya zo ya tambayi abin da suke nema. Da aka gaya masa, ya je ya kashe injinsa. Suka tsaya a bakin fangalin, Riskuwa ya ɗaga hannu ya yi wa Dikko addu'a da sunansa da sunan mahaifinsa, da ƙarfi, Isuwa na gefe ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Da suka shafa, Goggo ta ce ƙafarta ba za ta iya komawa ba. Riskuwa ya durƙusa ya goya ta, Hauwa'u ta ɗauki sandar, suka nufi gari.